Bazarar da Aska Ta Koma Zabira

Duk shekara, idan mangwaro ya fara nuna, zafin bazara ya kori mutane daga ɗaka zuwa gindin bishiya, maigidana yakan miƙe hannuwa sama ya ce, "Jikin nan ya yi nauyi." Ba ya ƙara komai a kai. Ni dai na san abin da yake nufi: lokacin ƙaho ya yi. Sai ya aika wa abokinsa wanzami can unguwar bayan kasuwa, shi kuma ya taho da zabirarsa a rataye jikin tsohon kekensa.

Abotarsu ta girmi aurenmu. Tun maigida yana saurayi yana aikin gyaran layin dogo a tashar Kafanchan wanzamin nan ke masa aski. Mu Kirista ne, asalinmu Fadan Kagoma, can gonarmu ta citta take har yau. Shi Musulmi ne, kakanninsa na cikin waɗanda suka fara kafa rumfa a kasuwa. An yi lokutan da garin nan ya yi tsami, mutane suka daina shiga unguwannin juna, amma ban tuna bazarar da bai zo ba. Maigida yana ce masa Sarkin Aska, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Shi kuma yana ce wa maigida Direban Jirgi, alhali ko amalanke bai taɓa tuƙawa ba.

Ga yadda ake yi, don wanda bai taɓa gani ba. Maigida zai tuɓe riga ya zauna a kan turmin da aka kife. Wanzami ya jiƙa masa baya, ya kafa ƙahon saniya, ya zuƙe iskar da bakinsa ta wata 'yar ƙofa a tsinin ƙahon, ya toshe. Fata ta kumbura a ciki. Sai ya cire, ya yi ƙananan tsaga da aska, ya sake kafawa. An jima ya zare, ya juye abin da ya taru a kan toka, baƙi, a daskare.

"Ka gani ko? Mataccen jini. Zafi ne ya dafa shi a jikinka."

Maigida ya leƙa, ya girgiza kai cikin jin daɗi, kamar wanda aka kama masa ɓeran da ya dame shi a rumbu. Daga nan sai fira har la'asar. Ni aikina in kawo kunu.

A shekarar da nake ba da labari, ƙarfin maigida ya fara raguwa tun bazara ba ta kama sosai ba. Tudun da ake hawa kafin a shiga gonarmu, wanda a da yake haye shi da buhu a ka, sai ya tsaya a tsakiya yana haki. In ya sunkuya ya ɗago, jiri ya ɗebe shi. 'Yarmu ta biyu tana karatun nas a lokacin. Ita ta matsa har ya yarda muka je asibiti. Aka gwada, likita ya ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, wai gyambo ne a cikinsa yake zubar da jinin a hankali ba a sani ba. Ya ba shi magani, ya faɗi abin da zai riƙa ci. Ya kuma ce idan jinin ya ƙara sauka, sai an kwantar da shi an yi masa ƙari, in ba haka ba zuciya na iya gajiya.

Maigida ya saurara tsaf, ya yi godiya. Muna isowa gida ya zauna ya ce, "Nauyin jiki da jiri. Ai wannan mataccen jini ne, ba wani abu ba. Na aika wa Sarkin Aska, zai zo ran Asabar."

'Yarmu ta ajiye ledar magani a ƙasa. "Baba, ba ka ji abin da likita ya ce ba? Jinin ne babu!"

"Babu, amma suka cika sirinji da shi ina kallo? Su sun ɗiba ba ki ce komai ba. Abokina ne kaɗai ba zai ɗiba ba?"

"Baba, wallahi in tsohon nan ya taɓa ka da aska sai na kai ƙararsa."

"A gidana?"

Ya tashi ya shige ɗaki. Ita ma ta shige nata. Aka bar ni a tsakar gida da ledar magani.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ban iya ba. Karatu ma sai da na gama haihuwa na koya, a ajin yaƙi da jahilci da zumuntar mata ta buɗe a cocinmu. Wanda ya koyi karatu da furfura ba ya jin kunyar cewa bai gane ba. Tun daga lokacin na saba, in yaran suka dawo daga makaranta, in ce su faɗa mini abin da aka koya musu da Hausa, yadda zan ji. Abin da na yi ke nan washegari, muna zaune ni da 'yar tamu a gindin mangwaro muna ɓalla irin citta ƙanana-ƙanana don shuka. Tana ɓallawa da ƙarfi kamar cittar ce ta yi mata laifi.

Na ce, "Me kuke yi a makaranta kwanan nan?"

"Tarihin magani. Su ne ma suka jawo mana wannan masifar ta Baba."

"Su wa?"

"Girkawa. Mutanen da can can, tun kafin zuwan Yesu. Waɗanda ake kira Helenawa in ana karatu a coci."

Na san Helenawa, mana. Na sha jin su a bakin fasto, amma a raina mutane ne kawai da suke zaune su jira manzanni su zo su yi musu wa'azi. Ban taɓa tunanin suna ciwon ciki ba, balle su nemi magani.

Ta ce likitocinsu ne suka fara nacewa cewa ciwo yana da dalili a cikin jiki, da abinci, da ruwan sha, da yanayin gari, ba lallai fushin gumaka ba ne. Suna zama kusa da mara lafiya, su dubi idonsa, da harshensa, da fitsarinsa, su lura da yadda ciwon ke tafiya. Wannan, in ji ta, shi ne abin kirkin da suka bari. Amma sai suka ce wai ruwa iri huɗu ne a jikin mutum: jini, da majina, da ruwan maɗaciya mai rawaya, da wani baƙi. Wani mai zafi ne, wani mai sanyi, wani mai laima, wani busasshe. In sun daidaita, lafiya ke nan. In ɗaya ya yi yawa, ciwo. Wai jini yakan yi yawa a lokacinsa na shekara, sai a tsaga a rage.

Na ajiye cittar da ke hannuna. "Ke, wannan ai maganar Sarkin Aska ce. Zafi da sanyi. Ina ya san su?"

"Bai san su ba, Mama. Ƙahon kansa ma an ce ya girme su, mutane da yawa sun yi shi. Amma wannan bayanin na zafi da sanyi da rage abin da ya yi yawa, Larabawa suka juya littattafansu zuwa Larabci suka ƙara nasu, malamai suka karanta, ya yi ta tafiya har ya ƙetaro hamada. Turawa ma sun daɗe suna zubar wa marasa lafiya jini da sunan magani, kafin su gane suna ƙarasa wasu ne."

"Turawa ma?"

"Su ma."

Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, ban san dalili ba. Wataƙila don na ga ba mijina kaɗai ba ne.

Na riƙa juya abin a raina. Ashe maganar da na saba ji a tsakar gidana, daga bakin tsoho mai goro a haƙori, ta yi tafiyar da ta fi ta kowane jirgin da ya taɓa tsayawa a tasharmu. Na ce mata, "To ku fa? Ba abin da kuka gada a wurinsu?"

Ta ɗan yi murmushi, na farko tun jiya. Ta ce rantsuwar da likitoci ke yi daga can ta samo tushe, tasu ta nas-nas ma sahunta ta bi: cewa ba za ka cuci wanda ya kawo maka jikinsa ba, ba kuma za ka tona asirinsa ba.

"Ashe ke da Sarkin Aska kakanku ɗaya."

"Haba Mama! Allah ya kiyaye."

Muka yi dariya. Da bakinta ya buɗe sai ta ci gaba. Ta ce ba magani kaɗai suka yi ba, akwai masu tunani a cikinsu. Ta ba ni labarin wani dattijonsu da ba ya koya wa kowa komai kai tsaye. Yawo yake a kasuwa, in ya sami wanda ya ce ya san abu, sai ya ce shi bai sani ba, a taimaka masa. Ya yi tambaya, a amsa, ya sake yin wata a kan amsar, har mutum ya ji da kunnensa inda maganarsa ta karkace.

"Suka yi masa me?"

"Suka gaji da shi, suka ba shi guba ya sha."

"To. Allah ya sa a kasuwar Kafanchan ba za a kai nan ba."

Ba ta gane abin da nake nufi ba, ni ma ban faɗa mata ba. Na riga na ga cewa maigida ba zai ji maganar 'yarsa ba, tawa kuwa ya daɗe da sanin ta, ba ta da nauyin da za ta tsayar da shi. Mutum ɗaya ne zai iya hana askar nan, shi ne mai riƙe da ita. Amma in na je na ce masa kada ya zo, na ci mutuncin dattijo a kan sana'ar ubansa, na kuma yanke zumuncin da rikicin gari ma bai yanke ba. In na yi shiru kuma, ran Asabar za a juye jinin mijina a kan toka.

Da safe na ce zan je cefane, na hau keke mai ƙafa uku zuwa kasuwa. A hanya na tsara tambayoyina a kai, da ta fari da ta biye. Ina sauka duk suka watse.

Na same shi a rumfarsa shi kaɗai, yana wasa aska a kan fata. Benci ba kowa. Shagon samari masu aski da injin lantarki da ke kallonsa kuwa a cike, kiɗa na tashi.

"A'a, Maman Nas! Lafiya? Ko Direba ya tuƙa jirgin ya faɗa rami?"

"Lafiya lau, Baba. Wucewa nake, na ce bari in gaishe ka."

Ya shimfiɗa mini buhu a kan benci. Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce, "Baba, shekara da shekaru ina kawo muku kunu, ban taɓa tambaya ba. Wai don me ake yin ƙaho?"

Ya gyara zama, da alama an daɗe ba a tambaye shi ba. Ya ce jiki kamar miya ne, komai da gwargwadonsa. In zafi ya yi yawa, jini ya yi yawa ya lalace, sai a rage. Ya ce su gado suka yi, kuma addininsu ya san ƙaho.

"In abu ya yi yawa a rage. In ya yi kaɗan fa?"

"Sai a ƙara, mana."

"To wanda nasa ya yi yawa ya ce jikinsa ya yi nauyi. Wanda nasa ya yi kaɗan fa, me yake cewa?"

Ya ce, "Shi ma yakan ce hakan."

"Yaya ake raba su?"

"A ido. Mai yawa idonsa ja, jijiyarsa a tashe. Ɗayan kuwa fari fat."

"Akwai wanda mahaifinka ya taɓa ƙin yi wa?"

"Sosai. Mai ciki. Wanda ya tashi daga doguwar jinya. Wanda..." Sai ya tsaya, ya ajiye askar a cinya, ya dube ni da kyau. "Maman Nas, gaisuwa kika zo ko shari'a?"

Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai. Na faɗa masa komai, da tudun gona, da abin da likita ya ce, har da maganar Girkawa, don ban san inda zan tsaya ba. Maganar kai ƙara kawai na haɗiye.

"Yunanawa," in ji shi. "Na taɓa jin malamai suna ambaton likitocinsu." Ya dubi shagon samarin. Sannan ya ce a hankali, "Yarinyar da na yi wa askin farko da hannun nan, ita ce yau take ganin zan kashe ubanta."

"Tsoro take ji, Baba. Ni ma shi nake ji."

"Ban yi miki alkawarin komai ba. Shi ya kira ni, zan zo. Sai abin da idona ya gani."

Da wannan na koma gida. Na manta ma ban yi cefanen ba.

Ran Asabar da hantsi muka ji ƙarar kekensa a ƙofa. Maigida ya riga ya kife turmi, ya tuɓe riga. Sai a ranar na lura da yadda ƙasusuwan bayansa suka fito. 'Yarmu tana tsaye a bakin madafa ta harɗe hannuwa, ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

"Direba, wa ya cinye maka nama haka? Ko Maman Nas ta daina ba ka tuwo?"

"Kai dai yi aikinka, tsoho. Surutu ya fi aska kaifi a wurinka."

Wanzami ya buɗe zabira, ya jera ƙahoni, ya ajiye aska a gefe. Ya zagayo gaban maigida, ya sa babban yatsa ya ja fatar ƙasan idonsa. Ya daɗe yana kallo. Ya kama tafin hannunsa ya buɗe, ya ajiye nasa kusa da shi. Daga inda nake ina ganin bambancin. Sai ya waiwaya wajen madafa.

"Malama Nas, zo nan. Na'urarku me ta ce?"

Ta zo ba da son ranta ba. Ta faɗa masa a taƙaice. Ya gyaɗa kai, bai ce ta yi gaskiya ba, bai ce ba ta yi ba. Ya koma bayan maigida, ya jiƙa fata, ya kafa ƙaho, ya zuƙa, ya toshe. Ya kafa na biyu. Na ji 'yarmu ta riƙe mini gefen zane kamar tana ƙarama. Ni kuwa idona na kan askar.

Ya cire ƙahonin. Wurin ya tashi, zagaye-zagaye. Nan ne ake tsagawa. Maigida ya sunkuyar da wuya yana jira. Wanzami ya ɗauki aska, ya dube ta, ya naɗe ta a tsummanta, ya mayar cikin zabira ya ɗaure.

"Ina jira," in ji maigida.

"An gama."

"An gama me? Ina jinin?"

"Yana inda ya kamata ya zauna. Bana busasshen ƙaho za ka sha, ya ja maka iska da gajiya. Ba abin da zan rage a jikin nan, Direba. Tankin ba mai."

Maigida ya miƙe da sauri, jiri ya ɗebe shi, sai da ya dafa bishiya. Ya dube ni, ya dubi 'yarsa, ya dubi abokinsa. "Kun haɗa baki ke nan. Har da kai?"

"Har da ni. In na tsaga ka yau, wa zan zo in zaga baɗi?"

Ba wanda ya yi dariya. Maigida ya ɗauki rigarsa ya shige ɗaki, ya bar baƙonsa a tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba. Na kawo kunu duk da haka. Tsohon ya karɓa. Ya sha kaɗan ya ajiye. 'Yarmu ta tsaya tana murza yatsu, can ta durƙusa ta tattara masa ƙahonin ta miƙa.

"Baba, busasshen ma fa ba ya maganin komai."

"Ke dai ba ki iya barin magana ta kwana ba. Halin ubanki."

Ita ta tura masa keken har bakin titi.

Maigida ya yi kwanaki ba ya mini magana sai abin da ya zama dole. Ban matsa ba. Ina ajiye masa maganinsa kusa da abinci, in fita, in dawo in tarar maganin ba ya nan. Ana cikin haka, wata safiya sai ga wanzami a ƙofa da hanta ɗanya a ƙunshe cikin takarda, daga wajen mahautan unguwarsu. Bai shigo ba. Ya ce in gaya wa Direba an ce in abu ya yi kaɗan ƙarawa ake yi. Na dafa ta da ganyen zogale. Maigida ya tambayi inda ta fito, na faɗa masa. Ya ce tsohon banza. Ya cinye tas.

Jinin bai dawo da wuri ba. Mun yi ta zuwa asibiti, an canja magani, akwai ranar da likita ya kusa kwantar da shi. Amma bai sauka inda ake tsoro ba. Lokacin da citta ta huda ganyen da muka rufe ta da shi ta fito kore, mun je gona tare, ya hau tudun nan yana tsayawa yana hutawa, ya kai sama da ƙafarsa.

Da bazara ta zagayo, mangwaro ya nuna, ya miƙe hannuwa ya ce jikin nan ya yi nauyi. Ya aika, abokinsa ya zo, aka kife turmi. Aka kafa ƙaho aka cire. Askar ta fito, amma a ka ta tsaya, ta yi masa aski ƙwal. Maigida bai tambayi jini ba. Suna ta musu a kan wanda ya fi tsufa, ni kuma ina tsaye da kunu a bayan maigida, ina kallon zagayen da ƙaho ya bari a fatarsa, ba tsaga ko ɗaya.